Gicciyen da Kyamara Ta Yanke

A shekarata ta biyu a Kuala Lumpur muka samu sabon abokin zama a gidanmu na unguwar Wangsa Maju. Mu uku ne 'yan Arewa, duk karatun digiri na uku ya kawo mu, ga ɗaki ɗaya babu kowa. Da matar da ke da gidan ta ce mana Bafalasɗine ne zai shigo, sai ka ce an yi mana albishir da kujerar Makka. Muka share ɗakin da ba mu taɓa sharewa ba. Babbanmu, wani Bazazzagi mai karatun harkar bankin Musulunci, har turaren wuta ya kunna.

Ya iso da yamma da akwati ɗaya da galan ɗin man zaitun naɗe a leda. Dogo ne siriri, ga sallama a baki, ga alhamdu lillahi a kowace amsa. Da magariba ta yi muka shimfiɗa darduma a falo, kuma kamar yadda muka taso muka gani a gida, in dai akwai Balarabe a wuri ba mai shiga gabansa. Bazazzagin ya kama hannunsa yana tura shi gaba ya ja mu salla. Shi kuwa ya yi murmushi, ya sa hannu a wuyan rigarsa ya fito da ɗan gicciye na itacen zaitun, ya ce shi Kirista ne, daga wani ƙaramin gari kusa da Baitalami. Mun dai yi sallar nan, amma Allah kaɗai ya san inda hankalin kowa yake.

Bayan an idar, Bazazzagin, wanda magana ba ta kwana a cikinsa, ya tambaye shi waɗanne Turawan mishan ne suka juyar da kakanninsa. Baƙon ya yi dariya har da riƙe ciki. Ya ce ai daga wajensu addinin ya tafi ƙasar Turawa, su ba wanda ya kawo musu. Tun daga ranar na ji mutumin ya kwanta mini, don ban ga ko ɗigon jin haushi a fuskarsa ba.

Mahaifiyarsa ce ta rataya masa gicciyen ranar da zai taho. Ita kaɗai ta rage masa a garin, mahaifinsa ya rasu, yayyensa sun watse a ƙasashen duniya. Fargabarta ɗaya ce, kada ƙasar Musulmi mai nisa ta sa ɗanta ya riƙa ɓoye ko shi wane ne. Kullum da la'asar, lokacin da hantsi ya dubi can, sai sun yi waya, muna jiyo muryarta tana yi masa faɗa da Larabci kamar ba Dokta a fannin injiniya ake shirin kiransa ba.

Mun fi zama a mamak ɗin ƙasan gidanmu, shagon abincin nan na Indiyawa Musulmi, inda talabijin ke nuna labarai idan ba ƙwallo. A nan na ga yadda yake kallon labarai. Ba ya yarda da tasha ɗaya. Ya ce wasu ba sa tuna akwai Kiristocin Falasɗinu sai ranar da suke neman sandan dukan Musulmi, wasu kuma ba sa ambatonsu sam, don suna ɓata musu hoton da suka riga suka shirya. Ni ɗan Kaduna ne, na san ɗan jaridar da ke zuwa da labarinsa rubuce a aljihu, fuska kawai yake nema ya liƙa a kai. Sai dai ni idan na gani zagi nake yi da tsaki, shi kuwa shayinsa yake kurɓa yana gyara musu sunan ƙauye.

Da yaƙi ya tsananta a ƙasarsu, ɗalibai suka shirya taron nuna alhini a jami'armu. Wata kafar labarai ta gari ta turo wata matashiyar 'yar jarida mai fara'a, aka nuna mata shi. Ranar ya fito da gicciyen saman riga, ya ce mini don tsohuwa ne, ya san za ta gani. Ina tsaye a gefe ya yi magana. Ya faɗi cewa shi Kirista ne. Ya ba da labarin gonar zaitun ɗin kakansa da katangar Isra'ila ta raba su da ita, da maƙwabtansu Musulmi da suka ɗauki makarar mahaifinsa. Ya kuma ambaci wata dattijuwa Bayahudiya da ke zuwa daga Isra'ila duk kaka ta taya su tsinkar zaitun, don kada a kore su daga abin da ya rage. Ya ce yana kukan duk yaron da aka kashe, ko na wane gida ne.

Abin da ya fito bai kai a sha kofin shayi ba. An ɗauko shi daga haɓa zuwa sama, gicciyen bai shiga ba. An bar maganar katanga, an zubar da sauran, aka sa shi tsakanin hotunan mutane sun ɗaga hannu suna addu'a a ƙofar masallaci, da rubutu a ƙasa wai 'yan'uwa Musulmi sun haɗa kai. Kafin kwana biyu dangi sun tura wa tsohuwa. Saƙon murya ɗaya ta aiko masa, ya fassara mini: "Kunyarmu kake ji a can?" Daga nan ta daina ɗaga wayarsa. Na ga mutumin nan ya daina cin abinci, ko mun yi masa tapau, wato ƙunshin abinci daga shago, mun hau da shi sama sai ya huce a leda.

Ana cikin haka wani Bature mai aika rahoto ƙasashen waje ya ji labarin ya neme shi. Na raka shi unguwar Brickfields, muka zauna a gaban shinkafa a kan ganyen ayaba. Baturen ya yi alkawarin nuna gicciyen ƙuru-ƙuru, in dai zai ce Musulmi ne suka rufe masa baki a nan, kuma su ne ke korar Kiristoci a can. Gaskiya a raina na ce ya karɓa mana, ko don tsohuwa ta huce. Ya ce wa Baturen akan samu saɓani da maƙwabta, ba zai musa ba, kuma zai faɗa idan za a sa har da katangar da makarar da dattijuwar. Baturen ya ce ya yi tsawo. Muka wanke hannu muka tashi.

A jirgin ƙasa na kasa haƙuri. Na ce masa, "Malam, dama ce fa ka bari ta wuce. Mu ba za mu ji haushi ba."

Ya ce, "Ya akhi, in wanke kaina a wurin uwata da ɓata ku? Ita ma ba za ta karɓi wannan wankin ba."

Washegari ya sa rigarsa ya tafi ofishin kafar farko, na bi shi da bakina cike da maganganu. Ya roƙe ni in yi shiru. Editan ya fito yana ta ba da haƙuri, yana cewa lokaci ne ya yi kaɗan, ba a sake gyara abin da ya riga ya fita. Abokina bai ɗaga murya ba, bai yi barazana ba. Ya ce ba gyara ya zo nema ba, cikakken abin da aka ɗauka yake so, mutum ɗaya zai nuna wa. Editan ya ce ba a bayarwa. Abokina ya ce to zai jira. Muka zauna a kujerun baƙi har ma'aikata suka fita cin rana suka dawo suka same mu, yana gaishe da kowa da fara'a. Ni da na zo faɗa, kunya ce ta ishe ni. Can sai ga 'yar jaridar nan ta fito, idonta ya yi ja, ta ce ba ita ta yanka ba, kuma ta shawo kan editan. Boleh, in ji ta da yaren ƙasar, wato an yarda a ba shi.

Guntun nan yana yawo har yau, dubban mutane sun gani. Cikakken kuwa, iya sanina, daga mu 'yan gida sai wata tsohuwa a kusa da Baitalami. Ya tura mata ta hannun ɗiyar maƙwabta, aka yi la'asar biyu shiru. A ta uku muna falo wayarsa ta yi ƙara. Ya ɗaga, muka ji muryar nan ta cika ɗakin da faɗa, ba ko numfashi. Yana ta cewa to, to, hawaye na bin kumatunsa. Da ya ajiye, Bazazzagin ya tambaye shi a hankali ko ta haƙura.

Ya share fuska ya ce, "Ba ta ma tayar da zancen ba. Cewa ta yi na rame, kuma wane ne ya bar ni na tsaya gaban duniya da riga ba guga."