Tayar da Ka Ƙi Ɗaura Min

Ranar Talata, sha biyu ga Agusta, jim kaɗan bayan sallar asuba, Allah ya karɓi ran yayana Rushdien Jappie, mai shagon taya na bayan kasuwar Athlone, yana da shekara sittin da ɗaya. Wanda ya ba mu shi ya karɓi abinsa, mu ma can muka nufa. Kafin la'asar an kai shi makwanci. Motocin tsere sun fi hamsin a bayan gawar, kuma ban taɓa ganin motocin nan suna tafiya a hankali kamar ranar ba.

Boeta, kamar yadda muke kiran babban wa a nan, kwana tara ke nan ina jin masu gaisuwa suna cewa kai mutum ne mai sanyin hali. Sharri suke yi maka don sun ga ba ka nan. Nono ɗaya muka sha, na san taurin kanka.

Shekara talatin da huɗu kana zaɓa wa mutanen unguwa tayar baya. Yawancinmu mota ɗaya gare mu: ita ce ta tseren Asabar, ita ce ta zuwa aiki da kai tsohuwa asibiti. Mutum zai shigo yana neman taya mai faɗi a kan ƙaton wili, don ta burge a ido, sai ka dube shi ka ce, "Yallaɓai, hoto za ka ɗauka ko tsere za ka yi?" Ka ɗauko masa ƙaramin wili da taya mai dogon gefe mai laushi, wadda in an saki kuloci za ta lanƙwashe ta rungumi kwalta maimakon ta tsaya tana hayaƙi. Kuma ba ka taɓa ɗaura wa kowa taya ba sai ka tambaye shi inda motar za ta ranar Litinin da safe.

A filin tsere kowa yana rage iskar tayar baya don ta kama ƙasa. In an tashi, masu nasara suna murna, waɗanda suka faɗi suna zagin inji, kai kana bakin ƙofa da famfo, ba mai hawa titi sai ka mayar masa da iskarsa. Ba wanda ya sa ka. Har liman ka taɓa tsarewa, ka ce masa addu'ar hawa mota ba ta cika taya.

Yanzu bari in zo kan rigimarmu, tunda ka tafi ka bar min ita.

Shekara goma sha ɗaya ina tsere da tsohuwar motata ƙirar Cressida, wadda da ita nake zuwa ɗakin karatun da nake aiki. Tseren na mita ɗari huɗu ne, kuma kullum daƙiƙa sha biyu da ɗan wani abu nake yi. Na rantse sai na sauka ƙasa da sha biyu kafin in cika hamsin. Kai da ni mun san abin da ya rage: tayar nan mai laushi kamar cingam, mai zane biyu kacal, wadda take manne wa busasshiyar kwalta. A watan Afrilu na zo shagonka na ce ka ɗaura min. Ka ce damina ta ƙarato, kuma zanen taya shi ne hanyar da ruwa ke bi ya fita. In babu shi, mota a kan ruwa take tafiya, ba a kan titi ba. Na ce maka na karanta duk wannan.

"Shamiela," ka ce, "kin karanta. Ita tayar ba ta karanta ba."

Na gaya maka maganar da ba zan rubuta a nan ba, na wuce wani shago a can gefen gari aka ɗaura min. Asabar ɗin farko na yi sha ɗaya da ɗigo tara. Ina so wannan ya shiga rubutu: na yi gaskiya. A bakin ƙofa ka durƙusa ka cika min iska ba ka ɗago kai ba. Ta bakin matarka, Tietie Galiema, ka aiko cewa in kawo tayar ka ajiye min a shago, mu riƙa ɗaurawa ranar tsere kawai. Na ce a gaya maka ba zan sake taka shagonka ba.

Ruwan farko ya sauka wata Alhamis. Ƙarfe shida da rabi na safe na sauko da makulli a hannu, sai ga a-kori-kurarka ta tokare motata, inji yana aiki, ƙofar gefe a buɗe. Ba ka dube ni ba. Na shiga, don ba ni da hanyar fita. Daga nan duk safiyar da aka tashi da ruwa kana nan. Wata uku, rediyo tana magana, mu ba ma yi. Ran Lahadi kakan ajiye min koesister, fanken nan namu mai kwakwa, a ƙofa ka tafi. Ina jin tarinka a motar, ina ganin yadda kake jan numfashi in mun tsaya a danja, amma ban tambaya ba, don wanda ya fara magana shi ya faɗi.

Ban yi hatsari ba, Boeta. Ba ka ma ba ni damar yi ba.

Sai ranar sadakar uku na ga katin asibitinka a kan firjinku. Ciwon zuciya. Layin asibitin da sassafe ake kama shi, kuma sau huɗu ba ka je ba. Na duba ranakun, na tuna su ɗaya bayan ɗaya: duk an yi ruwa. Rabin rayuwata na yi a cikin littattafai, babu wanda ya gaya min cewa mutum zai iya jin haushin mamaci har haka. Wa ya ce ka sayi raina da naka? Da ka buɗe baki ka ce min kana da asibiti, da a ranar zan kwance tayar da haƙorana.

Jiya na samu Tietie Galiema a kicin, na ajiye katin a gabanta, na ce ni na kashe mata miji, ta yafe min in za ta iya. Ta gama yanka albasarta tukuna.

"Ke dai kin cika son girma," ta ce. "Har mutuwarsa ma taki ce? Mutumin nan ya tsani asibiti tun kafin a ƙera motarki. Bara da babu rigimarku, cewa yake famfon shago ya lalace. Ke hujja kawai ya samu, kuma wallahi bai taɓa samun wadda ta yi masa daɗi kamarki ba. Kullum in ya dawo sai ya ce, yau ma ba ta yi magana ba, amma ta ƙara ƙiba."

Na yi dariya, na yi kuka, ta bar ni na gama. Sannan ta miƙo min makullin shago.

"Ki je ki cire tayar nan. Ni ban iya tuƙi ba, kuma ba zan binne mutum biyu a damina ɗaya ba."

Yau da safe na cire ta da hannuna, a shagon da na rantse ba zan taka ba. Ka ci, Boeta. Na fara magana.

Ya Allah, ka jiƙan bawanka Rushdien, ka gafarta masa kurakuransa, ka yalwata kabarinsa, ka haskaka shi. Duk wanda ya isa gida lafiya ta dalilinsa, ka sa a mizaninsa. Ka ba Tietie Galiema da 'ya'yansu, Nuraan da Tashreeq, haƙurin wannan rashi, da dangi da abokan fili baki ɗaya. Mu da muka rage, ka sassauta mana zukatanmu tun muna da sauran lokacin yin magana, ka sa mu cika da imani. Amin.

Ƙanwarka,
Shamiela Jappie