Buhun Irin Gyaɗa

Ciwo uku ne suka raba ni tsakaninsu tun ina saurayi: fuka ta riƙe ƙirji, sanyin ƙashi ya kama gwiwoyi, ga wani gyambo a ƙwauri da ya gaji da magani, maganin ma ya gaji da shi. Iyakar tafiyata daga ɗaki zuwa zaure, da sanda, sai na huta sau biyu a hanya. A ƙauyenmu ne kusa da Gafasa, tun ana kashe fam da sule.

Da fari 'yan dubiya kamar kasuwa. Amma ciwo in ya daɗe, masu gaisuwa yake fara cinyewa. Abin da ya riƙe mini mutane ɓarar gyaɗa ce. Da kaka kowa ya kawo tasa zaurena, ana ɓara ana gulma, ni ma a sa ni cikin mutane. Sai wani ya sayo injin ɓara na hannu daga Kano, ya kafa a gindin tsamiya. Zaure ya koma daga ni sai ƙudaje. Ina jiyo ƙararsa da dariyarsu, in juya nan, in juya can, in zuba wa azarar rufi ido har na san wadda gara ta fara ci. Ranar kasuwar Ajingi ta fi ci mini rai: kowa ya jefo "sannu da jiki" daga kan jaki, ba mai saukowa. Na tsani injin nan kamar shi ya sa mini gyambon.

Abu ɗaya ne ya gagare shi: iri. Yana fasa ƙwaya, don haka gyaɗar shuka sai da hannu. Da bazara sai ga taubashina, ɗan kawuna, ya dire mini buhu.

"Ragon maza, ga aiki, tunda ka ƙi mutuwa. Kullum zan leƙo in ga inda ka kai."

Nan na lalace. Aikin da zan gama a kwana biyar, sai na koma ɓarar kwano ɗaya a yini. In ya tambaya in ce yatsu ne suka sage. Ya zauna, ya tsokane ni, ya ba ni labarin gari, ya tafi. Ina hango hadari yana haɗuwa a gabas, amma in ce gobe na dage.

Ruwan shuka ya sauka, buhu ko rabi bai kai ba. Da safe gari duk ya watse gona. Shi kuwa ya shigo da sunguminsa na shuka a kafaɗa, ya dubi buhun, ya dubi yatsuna, lafiyarsu lau. Na jira zagi, wallahi na ma fi son zagin. Sai ya jingine sungumin, ya zauna, ya jawo buhun tsakaninmu. Muka yi ta ɓara, rana tana shanye danshin gonarsa. Kunya ta hana ni ɗaga kai.

Can wajen azahar ya ce, "Ai da ka ce hira kake so, da na zo ba buhu."

Na ci gaba da ɓara. Wata shida na yi ni kaɗai a zauren nan kafin buhun, kuma ba ɓatan hanya ne ya hana shi zuwa ba.