Binciken Asalin Jikan Ɗan Majalisa

Abubuwa da yawa sun same ni a ƙasar nan, mafi yawansu tuni sun fice mini daga kai. Amma binciken auren da aka ɗora mini a kan wani Baturen Amurka, wannan kam ba na jin zan manta da shi har in koma ga Allah.

'Yar yayana ce ta kawo shi. Ita a Manchester aka haife ta, Hausarta ma sai an yi haƙuri da ita. Ta gama karatun haɗa magunguna, ta samu aiki a Birmingham, can ta haɗu da yaron. Aikin gashin ƙashi yake yi a wani asibiti, ya musulunta tun kafin su san juna, yana zaune a unguwar Balsall Heath. Yayana likita ne, mutum mai tsare gida, bai ce e ba, bai ce a'a ba. Ya kira ni gidansa a unguwar Longsight ta Manchester ya ce, "Kai ne baffanta, kai za ka ba da ita. Ka je ka binciko mana addininsa da halinsa da asalinsa."

Addini da hali ba su ba ni wahala ba. Na je Birmingham na ga limamin masallacin da yake salla, na ga mai shagon naman unguwarsu, har da tsohuwar da ke zaune a ƙasan benensa. Kowa alheri yake faɗa. Asali ne ya tsaya mini a wuya. A gida in aka ce ka binciko asali, unguwarsu za ka je, ka zauna a dakali da tsofaffi, kafin la'asar ka san har wanda kakansa ya taɓa sayar da jaki mai ɗingishi. To Amurka fa, dakalin wa zan je?

Yarinyar ce ta fid da ni. Ta ce, "Baffa, kakan babansa was in Congress. Ka duba shi a waya kawai."

Lokacin hutun cin abinci a ofishinmu na Salford na duba, sai ga shi da gashin baki da kwat mai tsayin wuya. Tarihin nasa gajere ne, tsaf-tsaf. An haife shi a gona a wata jihar kudu. Ya koyar a makarantar ƙauye, ya koyi aikin lauya a ofishin wani tsohon lauya, ya zama mai gabatar da ƙara na yankinsu, ya riƙe wata 'yar jarida. Farkon ƙarnin da ya wuce aka zaɓe shi majalisar wakilai, aka sake zaɓensa, daga baya ya faɗi zaɓe ya koma garinsu yana aikin lauya har ya mutu. Ɗan manomi ya kai majalisa! Ni dama Allah ya yi ni da rawar kai, kafin in gama cin burodina na tura hoton guruf ɗin 'yan'uwa, na rubuta cewa yaron ɗan babban gida ne. Kafin dare 'yan Kano sun fara kiran yarinyar surukar majalisa.

Bayan 'yan kwanaki yaron ya kira ni. Ya ce ya ji ana ta yabon kakansa a danginmu, yana son mu haɗu kafin maganar ta yi nisa. Muryarsa ba ta yi mini daɗi ba.

Ranar Asabar na hau jirgin ƙasa. Muka zauna a wani shagon shayi na Larabawa a Balsall Heath, ya sa aka kawo mini mai madara, shi ko taɓa nasa bai yi ba. Da Turanci yake magana, sai dai kalmar Baffa da ya koya, yana faɗinta kamar yana tsoron kada ta fashe.

Ya ce, "Baffa, abin da ka karanta gaskiya ne, amma ba shi ke nan ba. Mutumin nan da hana baƙaƙen fata jefa ƙuri'a ya yi yaƙin neman zaɓe, da shi kuma ya ci. Lokacin da yake mai gabatar da ƙara, taron mutane sun kashe wani baƙar fata a garinmu da rana tsaka, kowa ya san waɗanda suka yi, shi ya ƙi kai ko mutum ɗaya kotu. Da aka kawo dokar hukunta irin wannan kisa a majalisa, ya tashi ya yaƙe ta. Hotonsa yana rataye a falon kakata har ta mutu. Sunansa nake ɗauke da shi, kuma in Allah ya ba mu 'ya'ya, shi za su ɗauka."

Na ce, "To me ya sa ka gaya mini? Da ka yi shiru, wa zai tono?"

Ya ce, "An ce mini a al'adarku abin da ka faɗa shi za a ɗauka. Ba na so ka tsaya gaban yayanka ka shaide ni a kan rabin magana."

Wallahi haushinsa na ji a lokacin. Na riga na gama aikina, na sha yabo, ga shi ya ɗora mini dutse a ka. A tasha ina kallo jirgin Manchester ya zo ya tafi ban shiga ba. Na fita na zaga, na dawo, na sayi ruwa na manta shi a kan benci. Da na samu na hau na gaba, na kasa zaune na kasa tsaye, har wata tsohuwa ta tambaye ni ko ba ni da lafiya.

Makon nan gaba ɗaya haka na yi shi. Ni akanta ne, amma sai in zauna gaban lissafi in yi ta kallonsa kamar rubutun Sinanci. Matata ta ce tunda na dawo daga Birmingham nake zagaye falo kamar kazar da ke neman wurin ƙwai. In na yi shiru, na ci amanar yayana, kuma ranar da wani ya tono, ni za a nuna da yatsa. In na faɗa, na san halinsa sarai. Mutum ne da ya sha wulaƙancin launin fata a asibitocin ƙasar nan, har akwai majinyacin da ya taɓa cewa kada ya taɓa shi. Ana cikin haka yarinyar ta kira ni tana kuka. Ashe ta daɗe da sani.

"Baffa, please, kar ka gaya wa Abba. It's not his fault. Bai ma taɓa ganin mutumin ba."

Na ce mata, "Ke yi mini shiru, ai ke kika ce in duba a waya." Na kashe wayar, sannan tausayinta ya kama ni har na ji ƙwalla.

Ranar Lahadi bayan azahar na hau bas ɗin Stockport Road zuwa gidan Yaya, na riga na yanke cewa zan faɗa. Mahaifiyarmu Hajiya tana nan a lokacin, ta zo daga Kano a duba mata ido. Tana zaune a ƙasa kusa da hita, ta lulluɓa da bargo tana jan carbi, kai ka ce ba ta jin mu. Na kwashe komai na faɗa, har da cewa yaron ne da bakinsa ya gaya mini.

Yaya ya saurara har na gama, sannan ya ce, "Shi ke nan, magana ta ƙare. Jinin mutumin da bai ɗauke mu mutane ba zan haɗa da nawa? Jikokina su tashi da sunansa? Ka ba shi haƙuri."

Na buɗe baki zan yi magana ya ɗaga mini hannu. Sai Hajiya ta ajiye carbinta.

Ta ce, "Likita, ka san wace ce kakata ta wajen uwa?"

Ya ce, "Hajiya, ai ba mu riske ta ba."

Ta ce, "Baiwa ce. Tana yarinya aka kamo ta daga garinsu, har ta mutu ba ta sake ganin uwarta ba. Ni na yi mata tsifa, na ga tabon da ke wuyanta. Kuma masu kamo irinsu, su ne kakannin ubanku da kuke ta buga ƙirji da su. Da za a yi aurena an yi bincike kamar wannan, aka gano. Baffan ubanku ya rantse jikar baiwa ba za ta shigo musu gida ba. Kakanku na wajen uba ne ya ce shi yarinya aka ce ya duba, ba a ce ya duba kabari ba. Da an bi ta baffan nan, da yau ba kai ba wannan sarkin zumuɗin."

Ni ne sarkin zumuɗin, amma ko murmushi ban iya yi ba. Na haura hamsin a duniya ban taɓa jin wannan magana ba, shi ma Yaya haka. Na rasa wanda zan ji wa kunya da wanda zan ji wa ciwo, tunda duka biyun a jikina suke.

Hajiya ta ƙara da cewa, "Yaron da ya tona kakansa da kansa don kada a yaudare ku, ni dai ban ga abin da za ku ƙara bincikowa ba." Ta ja bargonta ta koma kan carbi.

Yaya ya tashi ya shiga kicin. Muna jin ruwa yana zuba a famfo, ya daɗe bai fito ba. Da ya dawo idanunsa sun yi ja, bai kalli kowa ba, ya ce mini, "Ka tambaye shi yaushe mutanensa za su iya zuwa."

An ɗaura auren a Manchester, ni na ba da ita. Har yau in aka ce in binciko wani, ina tambayar asali, don ban isa in kashe al'ada ba. Sai dai tun ranar na gane cewa babu gidan da za a tona har ƙasa a same shi fes, namu ma bai tsira ba. Abin da nake dubawa yanzu shi ne yadda mutum ya yi da abin da ya tarar a gidansu, ko ya rufe yana taƙama, ko ya iya buɗe baki ya ce wannan ba daidai ba ne alhali ya san zai iya rasa wadda yake so.