Daga Huɗu Zuwa Hamsin

Daga bakin shagonsa, tela yana kallon baƙon da ya tare a gidan da ke kallon nasa. Mutum ne mai furfura jefi-jefi, tumbinsa yana riga shi fitowa daga ƙofa. Kullum da safe yana baranda da gwangwanaye biyu cike da siminti, an soka musu bututun ƙarfe, yana ɗagawa yana nishi kamar mai naƙuda.

Ga tsohuwar kwat rataye a ƙusa gaban baƙon. Tela ya auna ta da ido, ya auna mai ita: tsakaninsu tafiyar shekara goma ce. Wataƙila sabon aiki ya samu bayan dogon zama, kuma kwat ɗin ke nan guda.

"Uku, huɗu..." baƙon yana ƙirgawa. Sai ga maƙwabciya za ta wuce. Nan take tumbi ya shige ciki. "Arba'in da tara, hamsin."

"Sannu da ƙoƙari, Maigida," in ji matarsa ta taga. "Yau ma ka tsallake na tsakiya."

Tela bai yi dariya ba. Ya ware ƙyalle kalar kwat ɗin ya ajiye. Abin da siminti zai yi a wata shida, allura za ta gama shi kafin la'asar.