Baƙin Damin Iya Kande

Aikina walda da gyaran ƙasan mota, a Funtua. Ban yi makaranta ba. Ɗan abin da na sani a wuri biyu na same shi: ƙarƙashin mota, da gaban murhun kakata, Iya Kande.

Ƙauyenmu yana can bayan Mahuta, sai ka ƙetare wani rafi mai laka. Da damina mota ba ta shiga. Iya ba ta zuwa masallaci, ba ta zuwa coci. Abin da ta tarar iyayenta suna yi shi take yi, kuma ba wanda ya dame ta. In an gama tuwon yamma mukan cika ɗakin girkinta, ni da ƙanena Audu da 'ya'yan maƙwabta. Ɗakin ƙarami ne, hayaƙi ya mayar da jinkarsa baƙa ƙirin. Daidai saman murhu akwai damin dawa a rataye, kunkunniya ta rufe shi har ba ka gane zangarniya ce. Shi ne irin gidanmu. Jar dawa ce mai tauri, ba ta tsoron tsayawar ruwa, tuwonta kuma yana kwana bai saki ba. Kowace kaka Iya ke zaɓar zangarkun da hannunta ta rataye su a hayaƙi don kada ƙwaro ya taɓa. In shuka ta zo, rabi ake saukewa. Rabi yana nan sama, ko shukar farko za ta mutu.

Iya ba ta fara tatsuniya sai ta buga muciya a dutsen murhu. “Na kwance ta,” in ji ta. Mu ce, “Sake ta ta iso.”

Ni take tsokana kullum. “Bawa, mijin banza, ko itace ba ka kawo mini ba, ka zo ka tare mini wuta da wannan ƙaton kai naka.” In ce na sake ta. Ta ce ai ita ta riga ni.

Wadda ta fi maimaita mana ita ce ta mutumin da yaƙi ya taso wa garinsu. Mutumin yana da jaki, kuma ya iya kula da shi. Ya ɗinka masa sabon akumari, ya ƙara masa mangala, ya naɗe masa kofato da fata don kada dutse ya ci shi. Jakin ya zama ba irinsa a ƙasar. Da za su gudu, shi da matarsa suka ɗora masa turmi da tukwane da tabarmi da rigunan maigida. Matar ta ɗora baƙin damin iri a can sama. Da suka shiga kogi, ruwa ya kai wa jaki wuya, sai ya yi magana. A nan Iya takan toshe hanci ta yi muryar jaki: “Maigida, rage mini, ko mu kwana a ƙasan ruwa.” Mutumin ya duba kaya, ya ga damin nan ya shafa wa farar rigarsa baƙi. Ya fizge shi ya jefa a ruwa. Amma matar ta riga ta karyi zangarniya ɗaya ta cusa a ɗankwalinta. Suka ƙetare. Da ruwan shuka ya sauka, maigida yana da riga, yana da turmi, ba abin dakawa. Matar ta kwance ɗankwali.

“Wa ya cece su?” Iya takan tambaya.

Ni kullum in ce jaki. Ta ɗaga muciya kamar za ta kwaɗa mini. “Kai dai jaki ka gani. Na ɗaure ta, ku tashi ku ba ni wuri.”

Iya ta rasu ina saurayi. Audu ya riƙe gida da gona, ya auri Talatu, 'yar Malumfashi, mace mai tsafta da son kayan ɗaki. Ni na taho Funtua na koyi ƙarfe. Damin bai taɓa sauka daga saman murhun ba, Audu yana sabunta shi kowace kaka yadda ya ga ana yi.

A gareji na zama mai ɗaga motocin shiga daji. Masu sayen masara a ƙauyuka suna kawo mini a-kori-kura, in ƙara mata ganyen sifirin, in sa manyan tayoyi masu haƙora, ta tsaya kamar raƙumi. Ni ma na sayi wata tsohuwa mai jan ƙafa huɗu, na yi ta gina ta a hankali. Na ɗaga ta. Na jawo bututun shan iska har saman rufi don kada inji ya sha ruwa, na ɗaga salansar hayaƙi. Na yi mata tanki na biyu, na yi waldar ƙarfe a gaba, na kafa mata shimfiɗar ƙarfe a sama inda mutum zai kwanta maciji bai same shi ba. Tamfol, jarkar ruwa, shebur, sarƙa, katakai biyu na fita laka, kowanne da mazauninsa. Abokan aiki suna ce mata jakin Bawa. Ban musa ba.

Sai shekarar da 'yan bindiga suka ce kowa ya bar ƙauyenmu. Tsakiyar damina ce, dawa ta kai gwiwa. Audu ya kira ni a waya, muryarsa ba daɗi.

“Yaya, sun ce kada kasuwa mai zuwa ta same mu a nan.”

“Ina zuwa. Ka sauke damin Iya ka ajiye kusa. Ko me za a bari, ban da shi.”

“Zan sauke, Yaya.”

Na san gonar ta tafi. Wanda aka kora ba ya dawowa girbi. Abin da ya rage na irinmu a duniya shi ne rabin nan na cikin hayaƙi.

Na kwana a hanya, a saman motar, ƙarƙashin tamfol, don ba a shiga yankin da duhu. Da gari ya waye na ƙetare rafin. Ruwa ya haura fitila, inji bai ko yi tari ba. Na isa gida na tarar kaya a tsakar gida kamar kasuwa: katifu, kwanon rufi da Audu ya ɓamɓare, keken ɗinkin Talatu, kwalla da fanteka, buhunan masara. Na ce ya yi yawa. Talatu ta ce, “Haba Yaya, ba an ce motarka ba abin da ba ta ɗauka ba?” Muka loda. Damin da hannuna na ɗora shi a can sama, kan katifa, inda ruwa ba zai kai ba. Na ɗaure da igiya.

A dawowa rafin ya ƙaru, ga nauyi. Muna tsakiya ƙafar baya ta nutse. Na fita, ruwa har ƙirji, na nutsa ina cusa katako a ƙarƙashin taya. Can nesa muka ji ƙarar babura. Ban san ko 'yan bindigar ne ba, har yau ban sani ba. Na ɗago kai na yi wa Audu tsawa, “Ku rage kaya! Ku zubar da masara!” Na koma cikin ruwa. Na ji abubuwa suna faɗawa. Na shiga motar na ba ta wuta, ta yi gurnani, ta kama katako, ta fita. Ba mu tsaya ba sai da muka ga kwalta.

A bakin titi na hau sama in gyara igiya. Katifa tana nan, da baƙin shafi a tsakiyarta. Damin babu.

“Audu, ina damin?”

Ya dubi ƙasa. Talatu ce ta amsa, jaririnta a baya. “Shi ne a sama, Yaya, shi hannu ya fara kaiwa. Kuma duk ya ɓata katifar. Ai akwai iri a kasuwa.”

Ban ga laifinta ba. Mace ce da ta tsira da 'ya'yanta, a gari ta tashi, ba ta taɓa zama gaban murhun nan ba. Audu kuwa a gaban murhun nan ya tashi. Shi ya miƙa mata hannu ta ba shi damin, shi ya jefa. Na dubi ɗankwalin Talatu, ban san na duba ba sai da ta gyara shi. Ba komai a ciki sai gashinta.

A gareji na share bayan motar da tsintsiya, na bi duk layin walda da tsinke. Na samu 'yan ƙwayoyi jajaye da suka maƙale a kusurwa. Na shuka su a gwangwani, ina ba su ruwa safe da yamma. Baƙin mai ya riga ya jiƙa su. Ko ɗaya bai tsiro ba. Na bi mutanen ƙauyenmu ina neman irin inda suka watse, Funtua, Malumfashi, har Matazu. Wanda ya fito da buhu ya cinye, wanda bai fito da shi ba ya bar wa wuta.

Yanzu Audu yana noman haya a bayan gari, da irin shago. Irin yana yin zangarniya, ba laifi. Amma in ka ajiye shi ka sake shukawa baɗi, sai ya lalace, dole ka koma shago. Tuwonsa kafin safe ya zama ruwa.

Ina yaro na ce jaki ne ya cece su, Iya ta ɗaga mini muciya. Na girma na ƙare rayuwata ina ɗinka wa jaki akumari. Motar ta yi duk abin da na gina ta ta yi. Ta shiga inda ba a shiga, ta fito da mutum bakwai da ransu, kuma ina godiya. Sai dai ƙarfe ba ya zaɓar abin da za a jefa a ruwa.

'Ya'yan Audu sukan zo gareji da yamma su ce, “Baba Bawa, yi mana ta jaki.” Nakan buga sifana a ƙarfe in ce na kwance ta. Ina yi musu har muryar jakin, suna dariya. In mun kai tsakiyar kogi sai in ce na ɗaure ta. Ƙaramar takan ce, “Baba, to matar fa?” In ce mata ta je ta tambayi ubanta.