Ranar da Jirgin Awo Ya Leƙa Gidajen Mutane

Har gobe ba na mantawa da ranar da muka fara tashin jirgin awo a wani ƙauye da ke yankin Baure. Lokacin ina shugaban leburori a kamfanin da aka ba aikin hanya, damina kuma ta kusa.

A da, safiyo, wato mai awon ƙasa, da ƙafa yake bin daji yana auna tudu da kwari, aikin makonni. Sai shugaban aikinmu, Injiniya Sani, ya sa kamfani ya sayo ƙaramin jirgi marar matuƙi mai ɗaukar hoto daga sama, wanda da shi ake gane inda ruwa ke bi da inda za a sa kwalbati.

Da hantsi muka tashe shi. Kafin azahar sai ga magidanta sun tsaya gaban motocinmu, wani dattijo, Alhaji Mamman, yana gaba.

"Wa ya ba ku izinin leƙa mana tsakar gida?" in ji shi. "Iyalinmu na ciki!"

Idan suka hana aiki har ruwa ya sauka, kwangila ta tafi, leburorina kuma sallama ce. Wasu matasa har sun ɗebi duwatsu.

Injiniya bai yi gardama ba. Ya ce mu je gaban Maigari. A zaure ya buɗe kwamfuta ya ajiye gaban Liman.

"Allah ya gafarta Malam, ku duba da kanku. Kuskurenmu ne da ba mu yi sallama ba."

Gaskiya akwai hotunan da tsakar gida ta fito, har da shanya a igiya. Nan take ya goge su, kowa na gani. Aka ci gaba da duba sauran hotunan, har aka zo kan wani hoto na bayan gari. Alhaji Mamman ya matso, ya sa yatsa a kan wani kwari.

"Nan ne ruwa ya ci mini katanga bara."

"To nan kwalbati za ta zauna, Baba," in ji Injiniya.

Dattijon ya daɗe yana kallo, sannan ya ce, "Ku gama kafin ruwa."

Maigari ya yanke cewa duk ranar da za a tashi jirgin a yi shela tukuna, kuma kada ya bi ta saman gidaje. Washegari muka koma bakin aiki, kuma kwalbatin ta bushe kafin ruwan fari.

Tun daga ranar, duk na'urar da kamfani ya kawo, nakan gaya wa na ƙasa da ni: kafin ku kunna ta, ku je ku yi wa masu gari sallama. Na'ura ta san ƙasa, amma ba ta san ƙofar gidan mutum ba.