Man Gyaɗa a Kibod ɗin Aro

Jama'a, ni mai kama laifin kowa, yau ga nawa!

Mu uku ne a gida jiya: ni, ɗana Bashiru mai rubuta manhajar kwamfuta, da matarsa Saratu. Bashiru ya aro kibod biyu, wato allon maɓallan kwamfuta, wurin abokinsa na Bakura, don ya gwada ya zaɓi ɗaya. Guda shiru take, guda kuwa ƙwas-ƙwas-ƙwas tun hantsi!

Na ce a raina, abin da ke kuka mai yake so, ko keken ɗinki haka yake. Yana fita sallar azahar na ɗauko man gyaɗa, na bi maɓallan na ɗiɗɗiga.

Kafin la'asar kiyashi sun rufe ta ruf!

Bashiru ya ce, "Innalillahi! Kayan aro ne fa! Kuma ita na zaɓa, don ƙarar nika son ta. Saratu, ƙosai kika ci a nan?"

Ta ce, "Wallahi ko ɗakin ban shiga ba."

Ya juyo. "Inna, ba abin da ke wuce ki. Wa kika gani?"

Na ce ban ga kowa ba. Ni fa! Yarinyar nan ta yi ta share hawaye.

Yau da sassafe na dangwara kwalbar man a gabansu, na ce, "Ga ƙosan nan. Saratu, ki yafe mini."

Kuma na sa ta rubuta muku wannan da hannunta, kowa ya ji.